Fijo a gareji, kare a bakin ƙofa: Darasin riƙon amana daga gidajen jiya

Duk wanda ya yi ƙuruciyarsa a gidan ma'aikaci a Kaduna, Zariya, Jos ko Kano, daga tsakiyar shekarun 1970 zuwa ƙarshen shekarun 1980, da wuya a ambaci gidansu bai tuna da mota ƙirar Peugeot 504 ba, wadda Bahaushe ya sauƙaƙa wa harshensa ya kira ta Fijo. A unguwannin ma'aikatan jirgin ƙasa, da barikokin soja da na 'yan sanda, da gidajen malaman jami'a a Samaru, sau da yawa akwai wani mazaunin gidan da ke kwana kusa da motar: kare mai gadi, wanda ya san ƙarar injinta tun kafin ta karyo kwana.

Yaran wancan zamani su ne magidantan yau. Da yawansu suna zaune a Kubwa, Gwarinpa, Lugbe, Karu da sauran unguwannin Abuja, kowa da motarsa, kuma matsalar tsaro ta sa wasu da ba su taɓa tunanin ajiye kare ba sun ajiye. Abin da bai biyo su daga gidajen iyayensu yadda ya kamata ba shi ne ɗabi'ar kula da abin da aka mallaka a kan lokaci, tun kafin ya ɓaci. Idan aka yi sakaci da mota, asarar takan tsaya a aljihu ko ta kai ga haɗari a kan hanya. Idan aka yi sakaci da kare, wanda ya fi shan wahalar shi ne ɗan maƙwabci da ke wasa a layi.

Lokacin da Kakuri ke haɗa motar gida

An ƙaddamar da Peugeot 504 a Faransa a 1968, ta kuma lashe kambun motar shekara ta nahiyar Turai a 1969. Amma a Afirka ne ta yi suna na gaske. Ƙasanta na da tsayi, ƙafafunta na shanye gargada, injinta kuma mai sauƙin fahimta ne, ta yadda bakaniken da ke ƙarƙashin bishiyar darbejiya zai iya kwance kafireto ya wanke ya mayar kafin la'asar. A 1975 ta lashe gasar tseren motoci ta Safari a Gabashin Afirka, wadda ake yi a kan hanyoyin ƙura da taɓo.

A wannan shekara ta 1975 ne kamfanin Peugeot Automobile Nigeria, wanda aka yi wa rajista a 1972, ya fara haɗa motoci a unguwar masana'antu ta Kakuri da ke Kaduna. A daidai lokacin ne Volkswagen ya buɗe nasa a Legas, inda ake haɗa Beetle, wadda Yarabawa suka yi wa laƙabi da Ijapa, wato kunkuru. Daga baya aka samu Steyr a Bauchi, Leyland a Ibadan, ANAMMCO a Inugu, da kamfanin haɗa manyan motocin Fiat a Kano.

Abubuwa da dama ne suka haɗu suka kai mota gidan ma'aikaci. Kuɗin man fetur ya shigo ƙasa bayan tashin farashinsa a 1973. Ƙarin albashin Udoji, wanda aka biya tare da ariya a farkon 1975, ya zuba kuɗi a hannun ma'aikata a lokaci guda. Gwamnati da manyan kamfanoni suna ba ma'aikatansu rancen mota, ana cirewa daga albashi kaɗan-kaɗan. Gwamnatin soja ta Janar Obasanjo kuma ta ɗauki manufar rage facaka, ta mayar da Fijo motar manyan jami'anta. Saboda haka irin motar da kwamishina ke shiga, ita ce shugaban makarantar sakandare ke tuƙawa. Fetur kuwa a 1982 kobo 20 ne lita.

Kowace irin Fijo da aikinta. Salun ta maigida ce da iyalinsa. Doguwar, mai layin kujeru uku, ita ce ta masu iyali da yawa, kuma ita direbobin haya suka mamaye tashoshi da ita daga Kano zuwa Legas. A-kori-kura ta 404 ta manoma ce da 'yan kasuwa, tana ɗaukar buhunan gyaɗa da masara fiye da abin da maƙeranta suka yi tsammani.

Duniya daga kujerar baya

Manya suna tuna mota da kuɗinta da wahalarta, yara kuwa da ƙamshinta. Kujerar da rana ta dafa ta ƙona cinyar yaro mai gajeren wando, warin fetur da ya gauraya da turaren maigida, da ƙarar da ƙofa ke yi idan aka rufe ta da ƙarfi, abin da ke jawo tsawa nan take. Rigimar farko a kowace tafiya ita ce ta wanda zai zauna a bakin taga. Babba yakan ci, auta yakan kai ƙara, na tsakiya kuwa sai dai ya haƙura da tudun da ke tsakiyar mota.

Babbar tafiya ita ce ta zuwa gida da Sallah ko Kirsimeti. Tun daren jajibiri ake loda but da buhun shinkafa, galan ɗin man gyaɗa, atamfofin tsaraba da akwatin tufafi, wani lokaci har da kaji a kwando. Ana fita bayan asuba domin a ci hanya kafin rana ta yi zafi. Kafin a raba hanyar Kaduna zuwa Kano gida biyu, wuce tirela aiki ne na lissafi, kuma a irin wannan lokaci uwar gida takan yi shiru tana jan addu'a. A Mararrabar Jos, Tashar Yari ko Kwanar Ɗangora, masu talla sukan yanyame mota da rake, dafaffen ƙwai, gyaɗa da tsire, kuma a nan ne yaro ke gane ko ya yi halin kirki a hanya.

Kaset ɗin da ke cikin mota na maigida ne, ba a gardama. Wani ya sa karatun Alƙur'ani, wani Shata ko Ɗanƙwairo, wani kuma Ɗan Maraya Jos, wanda ɗaya daga cikin waƙoƙin da suka fito da shi ita ce ta karen mota. Wannan suna kansa abin lura ne. Da Bahaushe ya ga yaron da ke bin direba, yana kwana a ƙarƙashin mota, yana sa waigi, yana tsaron kaya, bai samu abin da ya fi dacewa ya kwatanta shi da shi ba sai kare, saboda naci da biyayya.

Ba komai na wancan zamani ne abin koyi ba. Yara bakwai sukan cushe a kujerar mutum uku, jariri yana kan cinya a gaba, bel kuwa ado ne kawai. Sai a 1988 aka kafa Hukumar Kiyaye Haɗura ta Ƙasa, tilasta ɗaura bel kuma bai kankama ba sai a 2003. Iyalai da dama na da labarin wani ɗan'uwa da ya tafi gida da Sallah bai dawo ba.

Makarantar safiyar Asabar

Abin da ya fi zama a zukatan yaran shi ne hidimar da ake yi wa motar. Kafin a tayar da ita da safe sai an buɗe bonet. Maigida ya zaro ma'aunin baƙin mai ya goge da tsumma ya mayar ya sake zarowa, ya duba ruwan lagireto, ya danna fambel da yatsa, ya leƙa ruwan batir. Sannan a tayar da inji a bar shi ya yi zafi. Ranar Asabar aikin yara ne: bokiti, omo da soso, wannan ya wanke taya, wancan ya kakkaɓe shimfiɗun ƙafa, gilashi kuwa babban yaya kaɗai ake yarda ya goge.

A aljihun gaban mota akwai wata 'yar jaka da ba a bari yaro ya taɓa. A ciki akwai lasin, takardar inshora da littafin sabis, inda ake rubuta ranar da aka juye mai da nisan da mota ta yi da ranar da za a koma. Maigida ba ya jiran inji ya fara ƙara kafin ya je gareji, domin ya san motar da ya ci bashi ya saya ita ce za ta kai matarsa asibiti idan naƙuda ta zo da tsakar dare. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Wannan ɗabi'a ce ta sa Fijo guda takan yi wa gida hidima shekara ashirin, a koya wa 'ya'ya tuƙi da ita, daga ƙarshe a sayar wa direban haya ya ƙara mata wasu shekarun. Kayan gyaranta suna samuwa a Panteka ta Kaduna da Ƙofar Ruwa ta Kano, abin da babu kuma maƙera su ƙera.

Zamanin ya fara juyawa da shirin tsuke bakin aljihu na 1986, lokacin da darajar naira ta faɗi, sabuwar mota ta fi ƙarfin albashin ma'aikaci. Motocin gwanjo na Turai, waɗanda ake kira Beljiyam ko 'yan Kwatano, suka cika kasuwa, Toyota da Honda suka ture Fijo daga garejin gida. Tsarin mayar da alawus na ma'aikata zuwa kuɗi da aka fara a 2003 ya rage sayen motoci da gwamnati ke yi. Duk da cewa Faransa ta daina ƙera salun ɗin 504 tun 1983, Kaduna ta ci gaba da haɗa ta har tsakiyar shekarun 2000. Motar gwanjo takan zo ba tare da tarihinta ba, kuma a hankali mutane suka saba da zuwa wurin bakanike sai mota ta tsaya.

Mai kwana a ƙarƙashin mota

Matsayin kare a ƙasar Hausa mai fuska biyu ne. A baki abin zagi ne, a aikace kuwa abokin sana'a ne. Mafarauci ba ya shiga daji ba tare da karnukansa ba, makiyayi na dogara da su wajen tsaron ruga, manomi na ajiye su saboda birai da ɓarayi. Karin magana ma ya shaida ƙwarewarsa, tunda an ce karen bana shi ke maganin zomon bana. A yankin Azawak na Nijar da Mali, Buzaye na alfahari da wani dogon kare siriri mai gudu, wanda duniya ta sani da sunan yankin.

Malamai sun yi bayanin cewa Musulunci ya halatta ajiye kare domin farauta, kiwo da tsaron gona, da yawa daga cikinsu kuma sun haɗa da tsaron gida idan akwai buƙata. Suratul Kahfi ta ambaci karen da ya raka samarin da suka fake a kogo. Hadisi ingantacce ya zo da labarin mutumin da aka gafarta wa saboda ya shayar da kare mai ƙishirwa, wani kuma ya zo da labarin matar da aka azabtar saboda ta kulle kyanwa har ta mutu da yunwa. Saboda haka ƙyamar yawun kare ba ta ba kowa lasisin jifansa ko barinsa da yunwa ba.

A gidajen ma'aikata na birni, karen gida ne ɗan ƙasa mai jan gashi, sai jefi-jefi a samu Alseshan a gidan babban soja ko likita. Sunayensu ba sa wuce Bingo, Taiga ko Layon. Abincinsu ragowar tuwo ne da ƙasusuwa. Da rana yakan kwanta a inuwar mota, shi ya sa ake koya wa direban gida ya leƙa ƙarƙashi kafin ya tayar da inji. A gidajen da suka san abin da suke yi, kare ma yana da takardarsa. Sau ɗaya a shekara akan sa shi a but ko a bayan a-kori-kura a kai shi asibitin dabbobi na gwamnati a yi masa allura, a buga hatimi a kati, katin kuma a ajiye shi tare da takardun gida. Dokar karnuka da ta tanadi yin lasin ta samo asali ne tun 1943, zamanin Turawan mulkin mallaka.

Ciwon da ba a warkewa idan ya bayyana

Dalilin wannan kati shi ne ciwon haukan kare. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa yana kashe kimanin mutum 59,000 a kowace shekara, kashi 95 cikin 100 a Afirka da Asiya. Kusan kashi 99 cikin 100 na masu kamuwa daga kare suke samunsa, kuma kimanin kashi 40 cikin 100 yara ne 'yan ƙasa da shekara 15. Dalilin yawan yara a fili yake: su ke wasa da 'yan kwikwiyo, tsayinsu ya sa cizon ya fi samun su a fuska da wuya, kuma sukan ɓoye ƙaramin rauni saboda tsoron duka.

Ƙwayar cutar na cikin yawun dabbar da ta kamu. Idan ta shiga jiki ta hanyar cizo, yakushi, ko lasar wani rauni, sai ta bi jijiyoyi a hankali zuwa ƙwaƙwalwa. Yawanci takan ɗauki wata biyu zuwa uku kafin alamu su fito, amma tana iya ɗaukar mako guda ko ta kai shekara, gwargwadon kusancin raunin da kai. Wannan jinkiri shi ne tarkon. Rauni ya warke, an manta da maganar, sai wata rana yaro ya tashi da zazzaɓi da ƙaiƙayi a tabon, daga nan ruɗewa, firgita da iska, da kasa haɗiyar ruwa duk da ƙishirwa. Idan an kai wannan mataki, kusan babu wanda ke tashi. Sau da yawa dangi sukan ɗauka iskokai ne ko sammu, a yi ta yawon neman magani, mutuwar kuma ba ta shiga lissafin kowace hukuma.

Abin takaicin shi ne hanyar kariya tsohuwa ce. Tun a watan Yulin 1885 Louis Pasteur ya yi wa wani yaro ɗan shekara tara allurar farko a Faransa, yaron kuma ya rayu. Ranar rasuwar Pasteur, 28 ga Satumba, ita aka ware a matsayin ranar yaƙi da ciwon a duniya. A nan gida, Cibiyar Binciken Lafiyar Dabbobi ta Ƙasa da ke Vom a Jihar Filato, wadda ke wurin tun 1924, tana sarrafa allurar riga-kafin karnuka kuma tana gwajin tabbatar da cutar. Masana sun nuna cewa idan aka yi wa kashi 70 cikin 100 na karnukan wani yanki allura, aka kuma ɗore a kai, yaɗuwar cutar takan katse. A kan haka ne hukumomin lafiya na duniya suka sa 2030 a matsayin shekarar da ake son kawo ƙarshen mutuwar mutane daga cizon kare.

Wanda kare ya ciza, abu na farko shi ne a wanke raunin da sabulu da ruwa mai gudu na tsawon minti 15, sannan a garzaya asibiti a ranar domin a fara jerin allurai, a kuma kammala su duka. Idan raunin mai zurfi ne ko yana kusa da kai, akwai wata allurar ta daban da ake yi a cikin raunin. Shafa barkono, toka ko ƙonannen gashin karen ba ya kashe ƙwayar cutar. Gaggawar kashe karen a jefar ma ɓarna ce, domin idan aka tsare shi ana lura da shi na kwana 10, ko aka kai gawarsa gwaji, likita zai san inda aka dosa. Sai dai ba a jiran sakamako kafin a fara allura. Kuma ba kowane kare mai cutar ne ke zabura yana cizo ba, wani lafewa yake yi, muƙamuƙinsa ya saki, yawu na dalala, mai shi ya ɗauka ƙashi ne ya maƙale ya zura masa hannu a baki.

Sababbin karnuka a sababbin unguwanni

Karen da ke tsaron gida a Abuja yau ya bambanta da Bingo. Ana sayen Rottweiler, Boerboel na Afirka ta Kudu, da Caucasian mai tarin gashi wanda asalinsa daga tsaunuka masu sanyi ne, ana tallarsu a Instagram da gefen titi. Wasu daga cikinsu sun fi yaro ɗan shekara goma nauyi nesa ba kusa ba. Mutum yakan sayi ɗan kwikwiyo saboda ya ba shi sha'awa, bayan wata takwas ya tarar da dabbar da ba ya iya riƙewa, kuɗin abincinta kuma ya fi ƙarfinsa.

Abin da ke biyo baya sananne ne. A kulle kare a kejin ƙarfe cikin rana tun safe har dare, ba motsi, ba wanda ya saba da shi sai mai gadi. Wasu ma da gangan suke hana shi abinci ko su ba shi abin da zai gusar masa da hankali, wai don ya ƙara zafi. Irin wannan kare ba ya bambanta ɓarawo da ɗan aike ko mai karanta mitar wuta, kuma ranar da aka manta ƙofa a buɗe, mai shi ma bai tsira ba. A gidajen haya da ake tarayya a tsakar gida, rigimar kan kai ga 'yan sanda.

Ɗaya ɓangaren kuma shi ne karen da aka saki. Mai shi ya tashi daga unguwa ya bar shi, ko ya gaji da ciyarwa ya buɗe masa ƙofa. Irinsu ne ke taruwa a juji da mahauta, suna hayayyafa, suna cuɗanya da karnukan gida da daddare. Safarar karnuka daga jiha zuwa jiha, har da ƙetaren iyaka, zuwa manyan kasuwanni irin ta Dawaki a Ƙaramar Hukumar Kanke ta Jihar Filato, ita ma hanya ce da cuta ke iya bi idan ba a duba lafiyar dabbobin ba.

Haƙƙin da ke wuyan mai kare

Likitocin dabbobi sun yi ittifaƙi a kan abubuwan da suka wajaba. Ana yi wa ɗan kwikwiyo allurar haukan kare idan ya kai wata uku, a riƙa maimaitawa duk shekara. Kafin nan akwai allurar da ke kare shi daga cututtukan da ke kashe 'yan kwikwiyo, musamman mai sa amai da zawon jini. Akwai maganin tsutsar ciki a kai a kai, wanda kariya ce ga yaran gida ma, tunda suna wasa a ƙasar da kare ke kashi. Akwai maganin kaska da ƙuma. Wanda ba ya son 'ya'ya, sai ya kai a yi wa karen fiɗiya ko a yi wa karyar aiki, maimakon zubar da 'yan kwikwiyo a kwata. Duk wannan aikin likita ne mai rajista da Majalisar Likitocin Dabbobi ta Najeriya, domin allurar da ta kwana a zafi a jakar ɗan talla ba ta da maraba da ruwa. Akwai asibitocin dabbobi na jihohi, da na koyarwa a jami'o'i irin su Ahmadu Bello ta Zariya, Usmanu Ɗanfodiyo ta Sakkwato da Jami'ar Abuja.

Bayan magani sai mazauni. Kare na buƙatar inuwa, ruwa mai tsabta a kowane lokaci, da filin motsa jiki. Katanga da ƙofa su zama waɗanda ba zai iya tsallakewa ba, a kuma rubuta gargaɗi a bakin ƙofa. Idan za a fita da shi, sai da igiya, mai faɗa kuma a sa masa takunkumi. Horo tun yana ƙarami ake yi, ta yadda zai san muryar kowa a gidan ya kuma tsaya idan an ce ya tsaya. Ba a barin ƙaramin yaro shi kaɗai da kare komai sabonsu. A koya wa yara kada su taɓa kare yana cin abinci, yana barci ko karya tana shayarwa, kuma idan baƙon kare ya tunkaro su, su tsaya cik kada su ruga. Mafi muhimmanci, a tabbatar musu cewa ba za a doke su ba idan suka faɗi cewa kare ya cije su.

Mota kanta na iya zama ajalin kare. Ba ya gumi kamar mutum, da haki yake sanyaya jikinsa, don haka barinsa a rufaffiyar mota cikin zafin Maris ko Afrilu na iya kashe shi cikin ɗan lokaci, ko da an sassauta gilashi. Haka abin yake ga jariri. Koren ruwan sanyaya inji da ke ɗiga a gareji yana da zaƙi a bakin kare, amma guba ne mai lalata ƙoda. Kare a kan cinyar direba haɗari ne, wurinsa baya ne, a ɗaure ko a cikin keji.

Doka ma ba ta yi shiru ba. Kundin Final Kod na Arewa da takwaransa na Kudu duk sun haramta zaluntar dabba, wanda kuma karensa ya raunata wani saboda sakaci na iya fuskantar shari'a da biyan diyya. Inda gizo ke saƙa shi ne aiwatarwa. Rajistar karnuka aikin ƙananan hukumomi ne, amma a wurare da yawa ta zama tarihi, allurar kyauta kuma sai ranar 28 ga Satumba ake jin ɗuriyarta, alhali allurar mutum bayan cizo ta ninka ta kare tsada sau da yawa, kuma ba kowane asibitin karkara ke da ita ba. Masu unguwanni, limamai, fastoci, sarakunan farauta da ƙungiyoyin mazauna rukunin gidaje na iya cike wani ɓangare na wannan giɓi, ta hanyar sanin gidajen da ke da karnuka da gayyato ma'aikatan dabbobi su yi wa na unguwa allura a rana guda.

Fijo 504 ta kusa ɓacewa daga titunan Abuja, sai ɗaiɗaiku a hanyoyin karkara suna jigilar buhuna ranar kasuwa. Waɗanda suka rage kuwa, idan aka bincika, za a tarar sun daɗe a hannun mutanen da ba su taɓa wasa da ranar juye mai ba. Magidancin da ya taso yana riƙe wa mahaifinsa tsumma a gaban bonet ya riga ya san ƙa'idar, saura ya duba katin karensa ya ga yaushe aka buga masa hatimi na ƙarshe.